Kalla Mai Neman Wanda Zai Fara

Shekarun Kalla sittin da bakwai, manomi ne a Tabotaki, kuma a bana, 1944, duk mazaunin dara na bakin kasuwa babu wanda ya girme shi. Wannan girman shi ne ya hana shi sakat.

Tun shekarar da fara ta cinye gero ya rasa abin yi a gona, ya koma tonon gurabe talatin cikin yashi yana wasa shi kaɗai, kara a dama, tsakuwa a hagu. Shekara tara yana haka, har matarsa Dije ta gaji da faɗa ta koma share guraben da tsintsiya. Daga ƙarshe ya ce ya gano dasawar da ba a cin mai ita: duk inda abokin wasa ya sa ɗan dara, akwai gurbin da za a tare shi, har a kai ga jera uku. Ko akwai irin wannan dabara, ba wanda ya sani. Abin da aka sani, sharaɗinta ɗaya ne, sai wani ya fara, Kalla ya bi.

To, a mazauninsu babba ke fara dasawa. Kafin ya kammala lissafinsa, tsofaffi biyun da suka girme shi sun rasu.

Ya roƙi Isaka mahauci, gwanin garin, ya fi a ƙirga.

"Sa ɗa mana, Isaka!"

"Ni in riga ka, Baba? Mi za a ce da ni cikin gari?"

"Ni na ba ka izini!"

"Izininka daban, kunyata daban. Hwara, Baba, rana na yi."

Haka Kalla zai fara yana huci, a cinye shi, 'yan kallo su ce dabarar Baba dai tana cikin yashi. Ya yi lallashi, ya yi zagi, ya taɓa rage wa kansa shekara biyar, aka tuna masa da wa aka yi masa kaciya.

Bayan girbin nan wani mai jaki ya ba shi labarin Alhusaini na Azarori, mai shekara tamanin, wanda har yanzu yake wasa. Kalla ya ɗaura gari a buhu, ya yi kwana biyu yana tafiya a ƙasa har ya isa. Aka ba shi ruwa, aka shimfiɗa tabarma, aka tona gurabe. Ya zauna yana jira.

Alhusaini ya dube shi ya ce, "Bisimilla, ƙanena. Nan garin baƙo ka hwarawa."

 Kalla ya tambaya, a Azarori yaushe mutum ke daina zama baƙo? Aka ce sai ya yi ɗaki, ya ci damina. Ya aika wa Dije ta turo masa kalmen noma da bargo. Ran Laraba aka gan shi bayan gidan Alhusaini yana kafa ɗaki, yana tambayar kowa cikin fargaba ko tarin da tsohon ke yi ya daɗe.