Kar-ka-motsa da Sabuwar Lema

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na yanka. Kar-ka-motsa ake ce masa, yara da manya, har matarsa idan ya ba ta haushi. Sunan kuwa daga bakinsa ya fito. Tun yana saurayi yake ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago daura da ofishin katin shaida, har furfura ta cika masa kai, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya haddace karatun: "Ɗaga haɓa. Fito da kunne. Rufe baki. Ban da murmushi. Kar ka motsa." Sai filasha ta yi wal, mutum ya fito a takarda zuru-zuru kamar wanda aka kama da kayan sata. Ofis dai bai taɓa dawo masa da hoto ko ɗaya ba, kuma da wannan yake taƙama.

Da gwiwa ta matsa masa, sai ya bar shagon ya kwaso kyamara da fitilarsa ya dawo gida. A nan aka gane cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana mutane motsi, shi kansa bai iya zama ba. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya kwance fanka ya mayar, ya leƙa waje ya dawo, ya sake leƙawa ko wani abu ya canza. Da ya rasa abin yi sai ya ƙara wa hotunan iyalinsa girma ya jera a bangon falo: ga matarsa, ga 'ya'yansa, ga jikoki, kowa baki a rufe, kunne a waje, ido a zare.

"Malam, wai falo ne wannan ko ofishin 'yan sanda?" in ji matarsa. Ya ce ita ba ta san aiki ba.

Ana cikin haka labarin Yaya ya zo. Yaya ita ce babbarsu, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kaɗai ce kuma ta rage a duniya mai ce masa Auta. Ƙarfinta ya ƙare, zaman kaɗaici ya gagare ta, ɗanta da ke aiki a wani gari mai nisan gaske ya ce zai zo ya tafi da ita. Kowa yana cewa ai za ta riƙa zuwa. Kowa kuma ya san jikin nan nata ba zai bi wannan doguwar hanya sau biyu ba.

Kar-ka-motsa ya zazzage akwatinsa yana neman hotunanta. Akwai su da yawa, na katin asibiti, na banki, na fansho, duk shi ya ɗauka, duk ofis ya karɓa. Amma babu Yaya a cikinsu. Yayar da ya sani tana karkata kai ne idan za ta tsokane ka, ta kanne ido ɗaya, wushiryarta ta bayyana tun kafin maganar ta fito. Wadda ke cikin hotunan wata tsohuwa ce kawai da aka ce wa ta rufe baki. Abin ya tsaya masa a rai, ya ji tsoro sosai, kada ta tafi ya zauna da wannan baƙuwar a bango.

Ya yi ta tunani, ya gano mai laifi: filasha. Ai ita ce ke mari fuska da haske, ta sa goshi ƙyalli, ta shafe duk wani laushi. Sai ya sa aka kawo masa irin lemar nan da masu hoton zamani ke ɗaura wa fitila, baƙa ta baya, cikinta kamar azurfa, an rufe bakinta da farin ƙyalle don hasken ya tace kafin ya sauka a kan mutum. Wajen haɗa ta kaɗai sai da wani ƙarfenta ya matse masa yatsa ya yi tsalle yana salati. Da ta buɗe kuwa ta cinye rabin falon. Ya gwada ta a kan matashin kai, ya gwada a kan butar shayi, ya gwada a kan matarsa har ta ce idonta ya fara ganin taurari. Gaskiyar magana hasken ya yi kyau, ko butar ma ta fito da kwarjini.

Ranar tafiya da hantsi ɗan Yaya ya biyo da ita sallama. Motar tana ƙofar gida, an ɗaure katifa da akwatuna a sama.

"Kawu, don Allah a yi da sauri, hanya da nisa," in ji shi.

"Yanzu-yanzu. Yaya, bismillah, zauna nan."

Yaya ta dubi lemar sama da ƙasa. "Auta, ruwa ake yi a falon naka?"

Bai ko ji ta ba. Ya riga ya sa ido a kyamara, bakinsa kuma ya kama aikin da ya saba. "Ɗaga haɓa. Ja mayafin baya in ga kunne. Rufe baki. Kar ki motsa."

Yaya ta bi umarni, baiwar Allah. Lema ta yi haske a hankali, ya duba bayan kyamara. Fata ta yi laushi, goshi ba ƙyalli, idanu sun ɗauki wani ɗan farin ɗigo mai kyau. Amma hoton fasfo ne. Hoton fasfo mai tsada dai, amma na fasfo.

Ya ce lemar ce ta yi nisa. Ya jawo ta. Ya sake karatunsa, ya sake ɗauka, ya sake dubawa, duk ɗaya. Ya ce ta yi sama da yawa, ya sauke ta. Ya ce labule ne ke ɓata aikin, ya ja labule. Ya kai ta hagu, ya dawo da ita dama, ƙafar sandar lemar ta harɗe da wayar fanka, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Gwiwar da ta raba shi da shago ma ya manta da ita. Ɗan Yaya ya shigo ya fita, ya shigo ya fita, yana kaɗa makullin mota.

Da Yaya ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ta saki jiki ta juya wajen matarsa suka kama hira.

"Kin gan shi nan? Haka yake tun yana rarrafe. Idan zan yi wanki sai na ɗaure ƙafarsa da ɗankwalina a jikin ƙafar tebur. Wata rana na waiwayo, ba shi ba teburin. Can na hango su a tsakar gida, yana gaba tebur yana binsa!"

Matar ta fashe da dariya, Yaya ma ta kece da tata, kai a karkace, ido ɗaya a kanne. Shi kuwa gogan naka a daidai lokacin ya danna kyamara don ya ga inda inuwar hanci ta faɗa, gwaji kawai. Ya duba. Baki a buɗe, kunne ɗaya a ɓoye, kai a karkace. Kafin ƙwaƙwalwarsa ta ce uffan, babban yatsansa ya yi abin da ya saba yi wa duk hoton da ba zai wuce a ofis ba. Ya goge.

Ya tsaya cak. Sai a lokacin abin da idonsa ya gani ya iso masa, har da wushiryar.

"Innalillahi," ya faɗa a hankali.

"Lafiya, Malam?" in ji matarsa.

Ya danna nan, ya danna can, ya koma baya ya dawo gaba. Ga buta, ga matashin kai, ga tsohuwa mai rufaffen baki jere-jere. Wancan ya tafi. Takaicin kansa ya kama shi kamar ya ciji yatsan.

"Yaya, sake yin dariyar nan."

"Wace dariya?"

"Wadda kika yi yanzu. Yi murmushi dai." Kalmar ma da ƙyar ta fito, don bai taɓa roƙon kowa ita ba.

Yaya ta yage baki kamar wadda likita ya ce ta nuna haƙori. Ya ce ba haka ba. Ya ce wa matarsa ta sake tambayar labarin tebur. Aka sake labarin tebur, ya fito salam ba daɗi, babu wanda ya yi dariya. Waje aka danna hon.

"Kawu, wallahi rana tana yi," in ji ɗan Yaya daga bakin ƙofa. Yaya ta fara laluben sandarta, ta gyara mayafi.

"Ɗaya tak. Na ƙarshe."

Ya fizgo lemar ya tsayar da ita dab da kafaɗarta, a karkace, don babu sauran lokacin daidaitawa. Ya sa ido a kyamara. Ga ta nan a cikin ɗan gilashin, ƙarama, ta ɗaga haɓa tun kafin a ce mata, ta rufe baki tana jiran umarni. Ya buɗe baki zai yi karatun.

"Yaya, kar ki..." Muryar da ta fito ba ta mai shago ba ce. "Yaya, kar ki tafi."

Makullin mota ya daina ƙara.

Yaya ta sauke haɓa. Ta daina kallon kyamara ta dube shi shi kansa, ta karkata kai, irin kallon da take masa yana yaro idan zazzaɓi ya kwantar da shi. Idonta ya ciko, amma bakin bai fasa halinsa ba.

"Oh ni, Auta. Kai da ba ka taɓa zama wuri ɗaya ba, yau ni kake so in zauna?"

Ta miƙo hannu wajensa. Bai san lokacin da ya danna ba, ya dai ga lema ta yi haske.

Aka kama Yaya aka kai ta mota. Ya tsaya a ƙofar gida har katifar da ke sama ta sha kwana, sannan ya dawo falo yana jan ƙafa. Kyamara tana kan kujerar da Yaya ta tashi. Ya ɗauka ya duba na ƙarshen. Rabin fuskar a inuwa, kunne ko ɗaya ba a gani, baki a buɗe, hannun da ta miƙo ya yi dishi-dishi. Babu ofishin da zai karɓi wannan. Wushirya tana nan, hawaye yana nan, Yaya ce.

Sai ya ga babban yatsansa ya soma lallaɓawa wajen maɓallin gogewa. Ya yi wuf ya miƙa wa matarsa kyamarar da hannu biyu.

"Riƙe min," ya ce. "Ko na roƙe ki, kar ki ba ni sai an wanke shi."