Minti Biyar ɗin Mahfuzu Mai Wanki

Matso nan ka zauna, ga tabarma, in ba ka labarin Mahfuzu mai wanki. In ka taɓa sauka bakin kogin Binuwai a Garuwa ta ƙasar Kamaru da hantsi, ka ga riguna shanye a kan yashi kamar an baza kasuwa, to da yawansu hannunsa ne ya matse su. Shekara talatin da ɗaya yana wanki a kan dutsen da mahaifinsa ya bar masa. Mutum ne mai doguwar gaisuwa. In ya kawo maka kaya, sai ya tambayi lafiyar kowa na gidan, har akuyar da ke ɗaure, kafin ya sauke ƙunshin daga kansa.

Bara, da ruwa ya janye, sai labari ya zo cewa za a ba masu ɗibar yashi wannan gaɓar, manyan motoci su riƙa shiga har bakin ruwa. Inda motar yashi ta bi kuwa, ba a shanya farar riga. Aka kira taro, aka ce kowane ɓangare ya turo mutum ɗaya, minti biyar-biyar. Masu wanki goma sha tara suka tsayar da Mahfuzu.

"Kai ne bakinmu," in ji abokin aikinsa Shu'aibu. "Wanda ya iya gaida akuya ai manya ba za su gagare shi ba."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauki ƙafa sai gidan Madam Blandine, tsohuwar malamar makaranta da yake wa wanki tun tana amarya. Ta ce ya faɗi jawabin ta ji. Ya fara daga kakansa da ya zo daga Kano da jakuna. Bai kai kan mahaifinsa ba ta ɗaga hannu.

"Baba Mahfuzu, minti bakwai ke nan, kuma har yanzu ban san me kuke so ba."

"Madam, ai ina zuwa."

"Ba za su jira ku iso ba. Ku fara da buƙata: a bar mana daga bishiyar tsamiya zuwa duwatsu, sauran su ɗiba. Sai dalili biyu. Gida goma sha tara na ci daga nan. Can ƙasa kuma laka ce, ba wurin shanya. Ku maimaita buƙatar, ku zauna."

Ya kama haɓa. "In tsaya gaban manya, ban gaishe su ba, in ce a ba ni? Ai ko mahaukaci ya fara sallama."

"Gaisuwa ɗaya, ta haɗa kowa. Kun ji?"

Ya ji. Kwana shida yana bugun kaya a kan dutse yana bitar jawabin, kowane bugu da jimlarsa, har Shu'aibu ya haddace shi. Madam Blandine ta auna da agogo, minti huɗu cif. Da Fulatanci ya shirya shi, don shi ne harshen da yawancin mutanen taron ke ji.

Ranar taro, Brice, wakilin masu yashi, ya fara tashi. Da Faransanci ya yi magana, ya faɗi abin da suke so da yawan samarin da za su samu aiki, ya zauna tun lokacinsa bai ƙare ba.

Sai Mahfuzu ya miƙe. A nan ya ga abin da ba su lissafa ba shi da Madam: an tsayar masa da tafinta, domin da Faransanci ake rubuta bayanan taro. Duk jimlar da ya faɗa sai an sake faɗinta. Ya buɗe baki zai yi gaisuwarsa guda ɗaya, idonsa ya sauka a sahun gaba. Ga mai unguwa. Ga liman. Ga Alhaji Abdelkerim, dattijon da ya sa mahaifin Mahfuzu a kabari da hannunsa. Yaya za a dunƙule irin waɗannan cikin "jama'a, sannunku"? Harshensa ya ƙi. Ya gaida mai unguwa, mai unguwa ya amsa. Ya gaida liman, liman ya sa albarka. Ya gaida Alhaji, Alhaji ya tambayi ƙafar Halime, matar Mahfuzu, ko kumburin ya saɓe. Tafinta kuwa, bawan Allah, bai bar ko ƙafar Halime ba.

"Saura minti ɗaya," in ji Édouard, magatakardan taron.

Jawabin da Mahfuzu ya jera kamar ninkakkun kaya ya watse a kansa. Ya kamo abin da ya fara zuwa bakinsa.

"Can ƙasa laka ce," ya ce. "Laka ce sosai."

Aka fassara. Mutane suka dubi juna, don bai faɗi wace laka ba, bai kuma faɗi abin da yake roƙo ba. Édouard ya ƙwanƙwasa tebur. Mahfuzu ya ce ya gode, ya zauna. Da aka karanto bayanan taro, layi ɗaya ya samu: wakilin masu wanki ya gaida mahalarta, ya kuma yi tsokaci a kan laka.

Sati uku bayan nan motocin suka shigo. Yanzu can ƙasa suke wanki, su goma sha ɗaya da suka rage, suna shanya a kan igiya, in iska ta kaɗa farar riga ta faɗi a sake wankewa. Shu'aibu bai taɓa tsokanarsa da maganar ba, kuma wannan shirun ya fi masa ciwo. Alhaji Abdelkerim kuwa har yau yana yabonsa a majalisa, wai ba a taɓa ganin mai ladabi irin ɗan marigayi ba.

To kai da ka ji, da kai ne tsaye a wurin, minti biyar a hannunka, dattijon da ya binne mahaifinka yana dubanka, da me za ka fara?