Ranar da Kawu Sule Ya Miƙa Hannunsa a Nariya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, mai feshin gonaki a Nariya.

Ina karatun digiri na biyu na je garinsu binciken jinin masu feshi. Maganin ciyawa da na ƙwari in sun shiga jiki, suna ta da wata irin tsatsa mai cin ƙwayoyin jiki a hankali. Mutum na yawo garau, amma jininsa ya riga ya nuna: burbushin kitsen da ya lalace ya ƙaru, sinadaran da ke kare jiki sun ragu. Waɗannan alamomi nake nema.

Sai dai na zo a shekarun da mutane ke gudun kowace allura. Kafin in gama shimfiɗa kayana a ƙofar gidan mai unguwa, magana ta zaga cewa jini nake sayar wa Turawa. Matasa suka kewaye ni. Wani ya shure akwatin ƙanƙarar da nake ajiye jini a ciki, ɗan acaɓan da ya kawo ni daga Kibiya ya ta da babur ya tsere. Mai unguwa na ba da haƙuri, ba mai sauraronsa.

Kawu ya ratso taron, rigarsa na warin magani. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya zauna a benci, ya naɗe hannun riga.

"Ɗan yayata Hauwa ne, ku bari ya fara da ni," in ji shi. "In na mutu, sai ku san abin yi."

Na samu jijiyar, na ɗebi jininsa. Daga nan wasu suka biyo baya.

Da sakamako ya fito, nasa ya fi na kowa muni. Ya tambaye ni ko ciwo ne, na ce tukuna, gargaɗi ne. Ya ce damina ta kama, jama'a sun riga sun damƙa masa gonakinsu. Bai daina feshi ba. Amma ya soma rufe hanci da ƙyalle yana sa safar hannu, ya bar wanke tankin feshi a rafi, kuma ya hana 'ya'yansa ko taɓa tankin.

Ciwon ƙoda ne ajalinsa. Ba zan iya rantsewa feshi ne ba, gwajina bai kai ya faɗi haka ba.

Yau ba a jifan mai allura, amma maganin feshi ya cika kasuwar Rano, matasa na fesa shi ƙafa ba takalmi. Ban san wanne zai fi ba Kawu mamaki ba.

Bara, babban ɗansa Nasiru ya ce mini har yanzu yana jin ciwon yadda Baba bai yarda da su a sana'arsa ba. Ashe Kawu bai taɓa gaya musu dalili ba. Na faɗa masa abin da na gani a jinin. Sai ya ce, "Mu kuwa mun ɗauka raina mu ya yi."