Yaya, Ba Haka Ta Ce Ba

Shekara shida ke nan cif da muka binne ƙanwata Saratu, wadda matan Kakuri da Makera suka sani da Sista Saratu. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ji ana yabonta da kalmomin da ba nata ba: wai mace ce mai haƙuri, mai sanyin hali, ba ta ɗaga murya. Ni na goya ta tana jaririya, ni na kama kan akwatin gawarta, kuma ina shaida muku Saratu ba ta da irin haƙurin da ake nufi. Bana na gaji da gyaɗa kai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sana'ata tafinta. Na yi ta a jirgin ruwa tsakanin Ikko da Ingila, na yi ta a asibitocin mishan a Gana da Chadi da Sudan. Da ƙafa ta gaji na dawo gida, Saratu ta samo mini gurbi a ɗakin shan magani na wata masaƙa a Kakuri, inda take aikin nas. Likitan baƙo ne daga ƙetare, sau biyu yake zuwa a mako, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Ni ne bakinsa, ni ne kunnensa.

Kowane ma'aikaci yana da kati. Likita ke rubutu a kai da Turanci, masinja ya kai ofishin ma'aikata, mai katin bai san abin da aka ce game da shi ba. In an rubuta zazzaɓi, hutun kwana biyu ne. In an rubuta taɓin hankali, sallama ce, don ba a barin irin wannan kusa da injin saƙa. Kuma manajojin Kakuri sun san juna. Wanda aka kora da wannan kalma ba wata ƙofa da za ta buɗe masa.

Mu tafintoci muna da wata al'ada da muke ɗauka gwaninta ce, wato tankaɗe magana. Mara lafiya ya yi ta zuba, kai kuma ka zubar da dusa ka miƙa wa likita abin da ka ga ya shafe shi. Shekara talatin na yi ina haka, ana yaba mini.

Wata safiya aka kawo Ladi, 'yar Filato, mai saƙa, gwauruwa mai 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya a Makera. Ta faɗi a gaban inji tana kuka, jikinta na rawa. Foman ɗinta, mai kula da masu saƙa a sashensu, ya haɗo ta da takarda cewa wannan ne karo na uku, a duba kanta. Likita ya tambaya me ke damunta. Ladi ta sunkuyar da kai ta yi magana mai tsawo. Ta ce foman ɗin ya neme ta, ta ƙi. Tun daga nan ya mai da injunanta daga huɗu zuwa takwas, ya hana ta zuwa bayan gida sai an tashi, kuma duk zaren da ya tsinke sai ya zo ya tsaya a bayanta har tana jin numfashinsa a wuya. Ta ce da ta ji takunsa sai ƙirjinta ya kama dukan da ba ta iya tsayar da shi.

Na juya ga likita na ce da Turanci: zuciyarta na bugawa, ba ta barci, tana kuka ba dalili. “Ba dalili” ɗin nan ni na ƙara, don in rufe jimlar da kyau. Likita ya cire murfin biro.

Saratu tana bayan labule tana dafa allurai. Sai kawai ta yaye labulen.

“Yaya, ba haka ta ce ba.”

“Saratu, koma bakin aikinki.”

“A bakin aikina nake. Harshe shida kake ji, amma maganar mace ɗaya ta gagare ka ɗauka?”

Ba ta tsaya bayan tebur inda nas ke tsayawa ba. Ta zo ta zauna kan benci, kafaɗa da kafaɗa da Ladi, ta ce, “'Yar'uwa, sake faɗa, a hankali. Duk abin da kika faɗa zan mayar masa, ba zan rage ko ɗaya ba. In akwai wanda ba kya so ya ji, ki riƙe abinki.” Ladi ta sake, Saratu na mayar wa likita, har da numfashin nan a wuya. Likita ya ce wannan ai ba maganar asibiti ba ce. Saratu ta ce to kada ya rubuta mata sunan cuta a kai. Ya daɗe yana juya biro, daga ƙarshe ya rubuta gajiya da firgita saboda yanayin wurin aiki, a canza mata sashe. Kafin masinja ya taɓa katin Saratu ta karɓa ta karanta wa Ladi da Hausa, ta tambaye ta, “Haka ne?” Sai da Ladi ta ce haka ne aka fita da shi.

Kwana uku ban yi wa Saratu magana ba. Ƙanwar da na goya ta tsinka ni gaban baƙo. A na huɗu ta biyo ni gida da tuwon acca, ta ce, “Ci, tsohon matuƙin jirgi. Fushi ba ya yi maka kyau, yana ƙara maka tamoji.”

A ranar ta ba ni labarin abin da ta tarar lokacin da aka tura ta kwas Ingila. Ta ce ta samu matan da suka karanci ilimin halayyar ɗan Adam suna tayar da ƙura. Sun bincika sun ga maza ne suka rubuta yawancin littattafan, maza suka auna, sannan suka ɗora mace a kan ma'aunin suka ce ta gaza. A da ma har akwai likitocin da suka rantse cewa mahaifa ce ke juya wa mace hankali, karatu mai zurfi kuma yana lalata ta. Matan nan suka ce kafin a tambayi me ya lalace a cikin mace, a fara tambayar me ake yi mata, kuma wa ke da iko a kanta. Suka ce mai ba da magani ba ubangidan mara lafiya ba ne, kuma ita matar ta fi kowa sanin rayuwarta. Saratu ta ce, “Ba su koya mini sabon abu ba, Yaya. Innarmu ta san wannan. Su dai sun sa shi a takarda, inda likita zai ji kunyar musawa.”

Na zauna na tuna yawona. A Sudan in mace ta faɗi irin faɗuwar Ladi, aljani ake cewa. A Gana na ji an ce maita. A Ingila sun ce jijiyoyinta ne ba su da ƙarfi, su ba ta ƙwaya ta kwanta. Suna ne kawai ya bambanta; ko'ina a cikin jikin matar ake neman laifin, shi kuwa mai tsayawa a bayanta ba wanda ya taɓa buɗe masa kati. Kuma a duk ƙasashen nan akwai tafinta irina a tsakiya yana tankaɗe.

Kada a ɗauka an yi wa Saratu tafi. Foman bai rasa aikinsa ba. Manaja ya kira Saratu ya ce aikinta allura da bandeji. Ta ce masa kunne ma kayan aiki ne. Aka tsallake ta a ƙarin girma har sau biyu, aka ce tana zuga mata, wasu a coci suka ce ta kwaso ɗabi'ar Turawa. Ba ta bar bencin ba, ba ta bar karanta kati ba, har ciwon da ya ɗauke ta ya kwantar da ita. Ladi kuwa ta riƙe aikinta.

Me Saratu za ta ce da ta ga yau? Masaƙu suna rage ma'aikata, kaya sun yi tsada, mata na cika layin asibiti da ciwon kai da rashin barci, ana sallamar su da ƙwaya a ƙunshin takarda. Bencin nan na ji an fitar da shi, wai ya tare hanya. Na san ba za ta yi mamaki ba. Za ta tambaya ne wa ke karanta musu katin.

Ran Lahadin da ta wuce aka yi addu'ar tunawa da ita a cocinmu na Sabon Tasha. Ni nake mayar da Hausa Turanci saboda 'yan'uwanmu na Binuwai. Bayan fasto ya gama batun haƙurinta, sai ga Ladi ta miƙe daga layin zumuntar mata ta ce tana da shaida. Babbar 'yarta, wadda ke makarantar koyon aikin nas yanzu, tana riƙe mata jaka. Ladi ta fara tun daga injuna takwas. Da ta iso kan foman, wani dattijon coci ya jawo hannun rigata.

“Baba Iliya, a taƙaita. Ka ce dai ta taimake ta lokacin rashin lafiya. Akwai manyan kamfani a nan.”

Na ce, “Malam, ba haka ta ce ba.”

Na mayar da shi duka, jimla bayan jimla, har da numfashin a wuya. Wasu a cocin suka dubi takalmansu. Ba gini Saratu ta bari ba, ba littafi, ko hotonta mai kyau ba mu da shi. Ta bar mace guda da ba a rubuta mata hauka ba, da tsoho guda da ya daina rage maganar mutane. Da na kai ƙarshe na juya ga Ladi a gaban jama'a, na maimaita mata da Hausa abin da na gaya musu, na ce, “Haka ne?”

Ta ce, “Haka ne, Baba.”