Romon da Ya Kusa Raba Mahaifina da Ƙafarsa

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun daga farko. Ina roƙon a ɓoye sunana, amma a buga labarin yadda yake, ko wani zai tsira daga abin da na jawo wa gidanmu.

A lokacin ni mahauci ne a Babura, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma in na yanke magana a gida babu mai ɗaga ta. Mahaifinmu ya manyanta, ya bar mini sana'a. Babban abin alfaharina shi ne ban taɓa bari ya wuni bai ci nama ba. Da an gama fiɗa sai in ware hanta da ƙoda in aika gida a yi masa farfesu, har abokan sana'a suna yi mini tsiya wai duk dabbar da ta faɗo hannuna ba a halicce ta da hanta ba.

Wata safiya Baba ya kasa taka ƙasa. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi jawur yana sheƙi, ko gefen zane ya taɓa wurin sai ya yi salati. Ga zazzaɓi. Bayan 'yan kwanaki abin ya lafa, sai kuma ya dawo, wannan karon har idon sawu. Ni dai abin da na tashi na gani shi ne majinyaci romo ake ba shi ya samu ƙarfi, don haka na ninka masa, safe da rana.

Ƙanwata tana aure a Kazaure, tana aiki a wani ƙaramin asibiti. Da ta zo dubiya ta kalli ƙafar, ta leƙa kwanon da ke gabansa, sai ta ja ni zaure. Tana ta kirana Yaya, ta roƙe ni don Allah in dakatar da kayan cikin nan, a kai Baba a auna jininsa. Akwai maƙwabta a zaune, sai na ji kamar ta tsinka ni. Na ce mata tun ba a haife ta ba Baba ke cin hanta, ko so take a ce ɗan mahauci ya bar ubansa da gayan tuwo? Na ce ta tattara bokonta ta koma gidan mijinta. Ta fita tana share hawaye da mayafi.

Washegari na kira wanzami ya yi sakiya. Ya latsa wurin ya ce shi bai ji alamar mugunya ba, a ɗan saurara. Baba ma ya ce a bari. Na ƙi ji. Da hannuna na danne ƙafar aka soka ƙarfe mai zafi. Babu mugunyar da ta fito, sai jini da wani farin abu kamar alli.

Kwana uku wurin ya fara wari, kumburi ya hau ƙwauri, Baba yana sambatu yana kirana da sunan ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa. Muka sa shi a mota sai Kazaure. Ban kira ƙanwata ba, amma a ƙofar asibiti na same ta, mahaifiyarmu ta sanar da ita. Likita ya ɗauki biro ya ja layi a ƙwaurin, ya ce in jan kumburin ya tsallake layin nan sai Kano, kuma mu shirya jin maganar yanke ƙafa. Ya tambayi wanda ya sa aka huda wurin. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Na ce ni ne.

Bai yi mini faɗa ba, zaunar da ni ya yi. Ya ce Allah ya halicci kowa da masu gadi a cikin jini, kuma a cikinsu akwai wani ɗan abu kamar ƙararrawa, inflamasom suke ce masa. Da ya ji haɗari sai ya kaɗa, jiki ya aiko da zafi da kumburi da zazzaɓi don a ƙone cutar. Shi Baba babu ƙwayar cuta a yatsansa da farko. Wani sinadari ne ya yi yawa a jininsa, wanda kayan ciki ke ƙara shi, ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai, masu gadin suka ɗauka maƙiyi ne suka far wa wurin. Ciwon gawut ke nan, kuma yana da magani. Kowane kwanon romo ƙara musu abin faɗa yake, sakiya kuwa ita ta buɗe wa ainihin ƙwayar cuta ƙofa.

Kwana biyu ban iya cin komai ba, in na fita in dawo in ɗaga zanen in duba layin. Jan ya zo daf da shi ya tsaya. A rana ta uku ya fara ja da baya. Baba ya tsira da ƙafarsa, amma yatsan ya sandare, da sanda yake zuwa masallaci har yau.

Na gane ba kowane kumburi ne ke da mugunya ba, wani kumburin, jiki ne ke yaƙi da kansa. Na kuma gane ana iya cutar da mutum da sunan gata. 'Yan'uwana masu jinyar iyaye, kada ku huda abin da ba ku sani ba, kuma in mai ilimin abu ya yi magana ku saurara, ko da ku kuka goya shi.

Baba ya yafe mini tun a gadon asibiti. Ƙanwata ce na yi wata huɗu ina jin nauyin tunkara. Ranar da ta zo gida na tara maƙwabtan nan a zaure, na cire hula na tsuguna a gabanta. Ta ruɗe tana cewa Yaya ka tashi don Allah. Na ce ba zan tashi ba sai ta ji: ita ce da gaskiya, girman kai ne ya rufe mini ido, na wulaƙanta ta ba da hakkinta ba, ta dubi Allah ta yafe mini.