Unguwar Kwano a Gonar Baffa Altine

Ranar da na je neman wata unguwa a bayan Kalgo na tarar da awaki ne kaɗai mazaunanta, ba ta fita raina ba har yau. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuka ɗauka kwamfuta ba ta ƙarya, ku gyara zama.

A lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen taswira, ƙarƙashin Hajiya Balkisu, mace mai ƙarancin magana da yawan jan biro. An ba mu aikin auna yadda garuruwan Gwandu da Kalgo ke faɗaɗa. Yadda ake yi shi ne, a ɗauko hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka shekarun baya, a ɗora shi kan na bana, sai kwamfuta ta shafa wa gine-gine ja, gonaki kore. Ita ba ta san bango ba, ba ta san ƙofa ba, ƙyallin kwanon rufi take bi. Da taswirar nan za a ja iyakar gari. Abin da ya faɗa ciki a yanka shi fulotai, abin da ke waje a bar wa noma da kiwo.

Muna cikin rani, sai ga wani jan tabo ya fito a hanyar Dangoma, nesa kaɗan da gidajen ƙarshe na Kalgo. Gidaje ne reras a jere, kamar an shuka su da igiya. A hoton bara babu ko bukka a wurin. Ni har na fara murna, ina cewa ga hujjar saurin bunƙasar gari mun samu. Hajiya ta zare tabarau ta ce ba ta taɓa ganin unguwar da babu hanyar shiga ba, in ɗauki mota in je in gani da idona. Wannan mataki shi muke kira tantancewa a ƙasa, kuma shi ne wanda kowa ke ƙyuyar yi saboda rana.

Na bi na'urar nuna wuri har ta ce na iso. Na duba gabas, na duba yamma, babu gida. Fallayen kwano ne sababbi fil, an ɗora su kan turaku da duwatsu, tsayinsu bai wuce gwiwata ba. Awaki sun mimmiƙe a ƙarƙashi suna tuƙa, suna kallona kamar na zo karɓar haya. A kan ɗaya har an kifa tsohon farantin silba, wai shi ne na kama tashoshi.

Ina tsaye baki buɗe sai ga wani dattijo dogo da sanda a kafaɗa. Shi ne Baffa Altine, mai gonar, daga cikin Fulanin da suka daɗe da zama a yankin suna noma suna kiwo. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, sannan ya nuna kwanon da alfahari.

"Ɗana, kai na na gwamnati? To rubuta, nan unguwa ta. Tauraronku ya gani ko bai gani ba?"

Na ce ya gani sarai, Baffa, shi ya sa ma na zo. Ya yi murmushi irin na wanda dabararsa ta ci. Da na tambaye shi dalili, sai ya ba ni labari. Gari yana ta matsowa, maƙwabtansa biyu sun sayar, shi kuwa gonar nan ya gada, a gefenta shanunsa ke kwana. Wani dillalin filaye da ya daɗe yana zarya a ƙofarsa ya gaya masa cewa gwamnati ba ta taɓa wurin da aka riga aka gina, fili kawai take yankawa. Tunda daga sama ake kallo, rufi ya wadatar. Kwanon ma dillalin ne ya ara masa, har da motar da ta kawo, bai karɓi ko sisi ba.

Nan dariyar da nake dannewa ta koma ciki. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Na zauna da shi a gindin wata bedi, wato darbejiya, na zana masa a ƙasa yadda abin yake: inda kwamfuta ta ga rufi, nan take cewa gari ya iso, a ja iyaka ta bayansa. Gonar da ya rufe da kwano don ya tsirar da ita, da hannunsa ya tura ta cikin fulotai, dillali kuma yana gefe yana jira. Baffa ya dubi kwanon, ya dubi awakin.

"Wato ni yaz zo ya yi ma wayo, ni kuma ina ganin tauraro ni ka yi ma wayo?"

Na koma ofis da hotuna a waya. Hajiya ta yi dariya har da share hawaye, abin da ban taɓa gani ba, sannan ta dawo Hajiyarta. Ta ce hoton waya ba zai isa ba, don wani zai iya cewa harsashi aka fara. Sai an samu sabon hoto daga sama da ke nuna gona. Wannan kuwa yana nufin a riƙe rahoton yankin, ga shi darakta yana ta tambaya. Ta shiga ofishinsa, muna jiyo muryarsa daga baranda. Da ta fito sai ta ce a riƙe rahoton, in sanar da Baffa ya kwashe kayan mutane ya shuka geronsa.

Baffa ya mayar da kwano, awaki suka rasa unguwa. Sai damina ta sauka, gajimare ya rufe sama, duk hoton da ya zo fari fat kamar auduga. Baffa ya samu lambata, kusan kullum sai ya kira ya ji ko tauraron ya gifta ta kan gonarsa. Na yi masa bayani cewa ba a ganinsa da ido, bai yarda ba. Ɗansa ya gaya mini duk hantsi sai ya sa babbar riga ya tsaya tsakiyar gona, ko shirwa ce ta gifta sai ya ɗaga mata sanda. Ni kuwa ina dariya a waya, amma na san haƙurin darakta ya kusa ƙarewa.

Wata safiya sama ta washe, hoto ya zo. Gonar ta fito kore shar, babu ja ko ɗigo. Hajiya ta sa hannu, aka ja iyaka ta gabanta, ta tsira.

Baffa ya zo ofis da ƙwaryar nono, ya ce sai an nuna masa kansa. Na buɗe hoton, na nuna masa wani farin ɗigo, na ce wataƙila shi ne, wataƙila kuma saniya ce. Ya ce shi ne, ya gane rigar. Aka yi ta dariya. Sannan ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe yana kallo, don bai taɓa ganin gonarsa duka a lokaci ɗaya ba.

"Ashe 'yar ƙarama ta. Ita ta ci da mu tun kakana." Ya ɗora yatsa kan jan da ya taso daga Kalgo, ya kusa taɓa koren. "Ɗana, wanga jan, yana tsayawa?"

Ni da na auna shi shekara bayan shekara na san ba ya tsayawa.

Abin da na koya ke nan. Tauraro yana ganin rufi, ba ya ganin wanda ya ɗora shi, balle tsoron da ya sa ya ɗora. Kafin ku shafa wa wuri ja, ku sa takalmi ku je, domin layin da kuke ja da yatsa ɗaya a cikin sanyin ofis, ta tsakiyar abincin wani yake bi.