Ragowar Kofin Celestino

Yayata Secondina ta shekara talatin da ɗaya tana guga a masana'antar ɗinka riguna, ta haifi 'ya'ya biyu, ta binne miji. Idan ka tambayi mutanen layinmu ko wace ce ita, abin da za su gaya maka ke nan, sai su ƙara da cewa ai matar Celestino ce. Wannan ƙarin shi ke ƙona mini rai har yau.

A garinmu, nan kusa da birnin Asti, ba ma sayen jar giyar inabi kwalba-kwalba kamar baƙi. Da sanyi ya ja baya a watan Maris, kowane gida sai ya ɗauko babban tulunsa na gilashi a nufi shagon Aurelio, inda gangunan giya huɗu ke jere. A ɗanɗana, a zaɓa, a cika tulu, a koma gida a ɗura a kwalabe. Abin da ka zaɓa ran nan, shi za ka sha da taliyarka har shekara ta zagayo.

Gida goma sha biyu ne a layinmu, kuma babu mai cika tulu sai Celestino ya zaɓa. Harshen Layi suke ce masa. Zai ɗaga kofi ya duba a haske, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya yi ta motsa baki kamar akuya mai tuƙa. Maza su zuba masa ido. Can sai Yaya ta fizge kofin ta ce, "Ya isa haka, likita ya hana ka." Ta shanye 'yar ragowar, wai don kada a yi ɓarna, ta goge bakin kofin da hankici. In hankicin ya shiga aljihun dama, Celestino ya daki ganga ya ce, "Wannan!" In ya shiga na hagu, ya yamutsa fuska ya ce a zubo ta gaba.

Mutumin da ke zuƙe kwalin sigari biyu a rana! Da za ka ba shi ruwan wanke-wanke, in dai ja ne, yabawa zai yi. Yaya ce ta tashi a gonar inabin babanmu, ita ce tun tana da shekara goma take shinshina ganga ta faɗi wadda za ta lalace. Duk giyar nan mai araha mai daɗi da layinmu ke taƙama da ita, bakinta ne ya zaɓo. Celestino mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma shekara arba'in da bakwai bai taɓa buɗe baki sau ɗaya ya ce aikin matarsa ne ba.

Ya rasu a watan Nuwamba. Da Maris ya zo, muka taru a shagon da tulunanmu, aka tsaya cirko-cirko ana kallon juna. Yaya ta sa baƙar rigarta, hankicinta a hannu, ta matsa kusa da gangar farko ta miƙa hannu. Aurelio ya kama hannun ya kai ta kan kujera.

"Zauna ki huta, Gwaggo. Ga farar giya mai zaƙi da biskit, irin taku ta mata."

Kofin ɗanɗanawa kuwa ya miƙa wa Ludovico mai kantin magani, wanda ya yi wani kwas na ɗanɗana giya na makonni shida a birni aka ba shi 'yar lamba yana maƙalawa a ƙirji. Ludovico ya kaɗa kofi, ya cusa hanci, ya ce yana jin ƙamshin fata da na ganyen taba. Ni ban taɓa sha'awar shan takalmi ba, amma maza suka yi ta gyaɗa kai. Ya zaɓi ganga ta uku, wadda ta fi sauran tsada.

Ya ajiye kofin a kan tebur kusa da Yaya. Na ga ta ɗauka, ta shanye ragowar kamar yadda ta saba. Hankici ya shiga aljihun hagu.

"Wannan ba za ta kai Yuni ba," ta ce a hankali. "Ta fara juyawa."

Aka kwashe da dariya. Ludovico ya ce, "Haba Mama, zama da gwani ba ya mai da mutum gwani. Ni ma matata ta shekara talatin tare da ni, amma ba ta haɗa magani."

A nan na fashe. Na ce, "Kai Ludovico, lambarka ta banza! Ku duka makafi ne? Shekara nawa kuna kallon hankicin nan ba ku gane ba? Celestino ko miya da gishiri ba ya bambancewa. Ita ce ke zaɓar muku! Yaya, gaya musu!"

Kowa ya juya yana kallonta. Kalma ɗaya kawai za ta faɗa, a san ko ita wace ce. Amma kalmar nan za ta mai da mutumin da bai cika wata biyar a ƙasa ba abin dariyar layi.

Ta karkaɗe ɓurɓushin biskit daga cinyarta ta ce, "Ku yi haƙuri da Pierina, tun tana ƙarama bakinta ba ya da linzami. Ni me na sani? Celestino ne ya sani."

Ta sa aka cika mata tulunta daga ganga ta biyu, mafi araha. Na bi ta na cika nawa cikin haushi. Kwana tara ban yi mata magana ba.

Kafin ƙarshen Mayu, giyar gida goma ta koma tsami. Duk kwalbar da aka buɗe sai fuska ta yamutse. Suka fara zuwa ƙofarta ɗaya bayan ɗaya da butoci, har da matar Ludovico, wadda ta biyo ta ƙofar baya. Yaya ta zuba wa kowa. Kun san abin da suke cewa suna fita? "Allah ya jiƙan Celestino. Dubi yadda ya koyar da ita." Ina tsaye a tagata ina ji, kamar in watso musu ruwa.

Da wani Maris ɗin ya zagayo, muka tarar Aurelio ya rataye hoton Celestino a saman ganguna, da gashin bakinsa da sigari a hannu. Ludovico bai zo ba, wai mura. Aurelio ya cika kofi daga gangar farko, ya riƙe da hannu biyu ya miƙa wa Yaya.

"Gwaggo, ɗanɗana ki gaya mana abin da marigayi zai ce."

Abin da marigayi zai ce! Na buɗe baki, ta taka mini ƙafa. Ta sha a tsaye, ba ta ɗaga kofi a haske ba, ba ta lumshe ido ba. Ta bi gangunan huɗu, ta dawo kan ta huɗu ta dafa ta.

"Zai ce wannan."

Gida goma sha biyu suka cika tulu, suna ta sa wa hoto albarka.

A hanyar gida muna tura tulunanmu a baro, ban raga mata ba. Na ce ta ba ni kunya, na ce za ta mutu ba wanda ya san sunanta, za a rubuta mata "matar Celestino" a kan kabari kuma ita ta jawo. Ta bar ni na gama. Muka kai gindin tudu ta tsaya ta huta, ta ciro hankicin ta share gumi. Sai na ga idonta ya kawo ruwa, tana murmushi.

"Ke Pierina, yi mini shiru in ji daɗin bakina," ta ce. "Shekara arba'in da bakwai ina shan ragowa. Yau ne aka fara ba ni cikakken kofi."